Ruwan kashi 4 a wata: mai sauƙi ne ko ana rufe mana ido ne?

Malamin Firamare:
Slm jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar banki. Wani ƙaramin banki sun zo makarantarmu suna tallar rancen ma'aikata, sun ce za su ba ni 500,000 in biya cikin wata 12, ruwa kashi 4 ne kacal a wata, kuma daga albashi za a riƙa cirewa ba sai na kai komai jingina ba. Abin da ke shigo min a wata 145,000 ne bayan an cire komai. Niyyata in biya kuɗin haya 280,000 da ke gabana, ragowar in sai wa maiɗakina firiza ta fara ƙanƙara da zoɓo. Yaron da ya kawo fom ɗin sai hanzarta ni yake wai garaɓasar za ta ƙare ƙarshen wata, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa na kawo nan.

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam malam. Kafin kowa ya ce maka karɓa ko kar ka karɓa, tambaya ɗaya ka yi wa yaron: kowane wata nawa za a cire? Lamba muke so, ba kaso ba.

Malamin Firamare:
Baba na kira shi yanzu, ya ce 61,667 duk wata.

Tsohon Akanta:
To ka ga abin da nake zargi kenan. Ninka 61,667 sau 12, za ka samu 740,000. Wato 240,000 ne ruwan. Irin wannan shi ake kira filat, kowane wata 20,000 suke ɗora maka a kan cikakkiyar 500,000 ɗin, ko da kuwa ka riga ka biya rabin uwar kuɗin. A wata na goma sha ɗaya abin da ya rage a kanka bai kai 90,000 ba amma har lokacin ruwan 500,000 kake biya. Da a ce ruwa mai raguwa ne, wanda ake lissafa shi a kan abin da ya saura kawai, kashi 4 ɗin nan dai, da abin da za ka riƙa biya wajen 53,300 ne a wata, jimla kusan 639,000. Bambancin ya kai 100,000 kuma dukkansu sunansu "kashi 4". Idan aka auna filat ɗin nan da ma'aunin ruwa mai raguwa ya haura kashi 6 da rabi a wata, kusan kashi 79 a shekara kenan. Shi ya sa ba sa faɗa maka na shekara, na wata suke faɗa don ya yi daɗin ji.

Ɗan Kasuwar Waya:
Baba da girmanka amma ni ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Firizar da zai saya yau in ya tsaya tara kuɗi zuwa baɗi farashinta ya tashi, mu da muke kasuwa mun ga yadda kaya suka ninka daga 2023 zuwa 2024 bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira. Wanda ya ci bashi ya sai kaya a lokacin shi ya ci riba, wanda ya ajiye kuɗi a asusu shi ya yi asara. Kuma mai gidan haya ba zai jira shi ba. Malam ka karɓa kawai Allah zai rufa asiri

Tsohon Akanta:
Ɗana maganarka akwai gaskiya a ciki, amma sa lambobin gefe da gefe. Hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ta fitar ta watan Disambar 2024, lokacin da abin ya fi tsanani, kashi 34.8 ne a shekara. Bashin nan kusan 79. Ko a shekarar da kaya suka fi tashi bashin ya ninka tashin. Sannan kai kaya kake sayarwa, in farashi ya hau kai ma ka ƙara. Malam albashi yake ɗauka, albashi ba ya bin kasuwa, mafi ƙarancin albashi sai Yulin 2024 aka mai da shi 70,000 daga 30,000 ɗin da aka sa tun 2019. Kuma fiye da rabin kuɗin nan haya zai biya da su, haya ba ta haihuwa.

Ma'aikacin Banki:
Na jima ina karantawa, bari in sa baki tunda aikina kenan duk da ba a wurinmu malam zai karɓa ba. Lissafin Baba daidai ne. Abin da zan ƙara, malam ba 500,000 ɗin ce za ta shigo asusunka ba. Yawanci tun kafin alat ya shigo an cire kuɗin gudanarwa, an cire inshora, an cire harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin gudanarwar. Jadawalin caje-caje na Babban Banki ya ce kuɗin gudanarwa kar ya wuce kashi 1 na abin da aka ba ka kuma sau ɗaya ake karɓa, to in ka ga an rubuta kashi 3 ko 5 da wani suna daban ka tambaya menene. Ka ce su ba ka takardar tayin ka tafi da ita gida ka karanta, haƙƙinka ne, duk wanda ya ce sai dai ka sa hannu a nan take to akwai abin da ba ya so ka gani. Ka duba tarar jinkiri, wannan yana da muhimmanci sosai gare ku ma'aikatan ƙananan hukumomi saboda wani lokacin albashi yakan makara, ranar cirewa ta zo asusu babu komai, laifin ba naka ba amma kai za a rubuta wa. Ka kuma duba in ka samu kuɗi a wata na biyar ka ce za ka biya duka, za su yafe ruwan sauran watannin ko sai ka biya shi cif. A filat da yawa ba sa yafewa.

Sai maganar iya ɗauka. Ƙa'idar da muke bi ita ce abin da ake cirewa na bashi kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke kaiwa gida. Ɗaya bisa uku na 145,000 wajen 48,300 ne. Su 61,667 za su cire, ya haura kashi 42. Abin da zai rage maka 83,333, a ciki za ka ci abinci da iyali, ka yi kuɗin mota, ka biya wuta, yaro ya yi zazzaɓi, kuma ka tara hayar baɗi domin watan da bashin zai ƙare shi ne watan da mai gida zai sake ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba sa lissafawa, ina ganinsu suna dawowa duk shekara suna sabunta bashin haya.

Malamin Firamare:
Gsky ban yi tunanin hayar baɗi ba. Amma ya ce in 61 ya min yawa za su iya mai da shi wata 24, a riƙa cire 40,833, wannan ai bai kai ɗaya bisa ukun ba ko yallaɓai?

Ma'aikacin Banki:
Bai kai ba, amma ninka shi sau 24. 980,000. Ka karɓi ƙasa da 500,000 ka mayar da kusan miliyan. Kuma hayar da ka biya ta shekara ɗaya ce, kai kana biyanta shekara biyu, a tsakiya wata hayar ta riske ka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai ba boko na yi mai zurfi ba amma shekaruna da yawa ina saro kaya a Kwari. Malam ina tambaya, ita maiɗakin naka ta taɓa yin sana'ar ko yanzu za ta fara? Domin ƙanƙara kasuwar zafi ce, daga Maris zuwa Mayu da kuma azumi in ya faɗo a zafi ba ka iya ƙirga kuɗin, amma damina ta sauka ciniki ya ja baya, hunturu ya shigo ba mai kallonka, su kuwa masu bashi ba ruwansu da hunturu ranar cirewa sai sun cire. Sannan unguwarku ana samun wuta? In babu wuta firiza akwati ce kawai, in ka ce janareta kuɗin mai ya cinye ribar, in ka ce sola wani jarin ne daban wanda ya fi firizar. Ni shawarata ka raba maganar biyu. Haya daban, sana'a daban. Ta fara da zoɓo da kunun aya tana sayen ƙanƙara a maƙwabta tana sawa a kula, in ta ga masu saye sai a shiga adashi a sai firizar. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ni ma ina karɓar kaya bashi, amma wanda nake karɓa kayan ne da kansu suke biyan kansu.

Ustaz:
Assalamu alaikum. Ina ganin an yi nisa a lissafin wane ruwa ya fi sauƙi an bar asalin magana. Ko kashi 4 ko kashi 1, ko filat ko mai raguwa, rance ne da aka shardanta ƙari a kansa, kuma wannan riba ce wadda Allah ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara. Ba ina cewa malam ba ya cikin matsi ba ne, na san halin da ma'aikata ke ciki, amma yanzu ba kamar da ba ne da za a ce babu mafita. Akwai bankunan Musulunci marasa ruwa, Jaiz tun 2012 yake aiki, TAJ ya zo 2019, Lotus 2021. Firiza dai kaya ce, ana iya yin murabaha a kanta, banki ya saya ya mallaka sannan ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali.

Ɗan Kasuwar Waya:
Ustaz Allah ya gafarta malam, ni fa na je na tambaya a irin bankunan nan, da na lissafa abin da zan biya bai bambanta da na sauran ba sosai. To menene amfanin? Suna kawai aka canza

Ustaz:
Ɗan'uwa ba suna ba ne, ƙulla cinikin ne ya bambanta. Can kuɗi aka ba ka ka mayar da kuɗi da ƙari, nan kaya aka sayar maka a farashin da kuka amince tun farko, kuma farashin nan ba ya ƙaruwa don ka makara. In an ci tarar jinkiri ba ta shiga ribar bankin, sadaka ake yi da ita. Ban ce ya fi arha ba, ban kuma ce kowane ma'aikaci a can yana bin ƙa'ida yadda ya kamata ba, dole ka tabbatar sun mallaki kayan kafin su sayar maka. Kuma abin da Baba ya faɗa na nan daram, ko murabaha ce ka tambayi jimlar abin da za ka biya, ka auna da albashinka. Halaccin ciniki ba ya nufin kana da ƙarfin ɗaukarsa. Manzon Allah SAW an kawo masa gawa ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wannan bashi ne ma na halal.

Maman 'Yan Biyu:
Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga ma'aikacin banki a kusa. Ƙanena ya nemi rance a bankin da albashinsa ke shiga suka ce ba za su ba shi ba wai makinsa ya yi ƙasa, wai sunansa na cikin masu bashi. Shi kuma ya rantse bai taɓa cin bashin banki ba, abin da ya sani shi ne ya taɓa karɓar 20,000 a wata manhajar waya shekarun baya, ya ce ya biya amma a makare. Wai menene makin nan, wa ke bayarwa, kuma ana goge shi?

Ma'aikacin Banki:
Hajiya wannan tambayar ta shafi kowa a nan har da malam. Akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin adana tarihin bashi a Najeriya, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Duk mai ba da bashi da ke hulɗa da su, banki ne babba ko ƙarami ko kamfanin manhaja, yana tura musu bayanin wanda ya karɓa, nawa, yaushe ya kamata ya biya, yaushe ya biya. Abin da ke haɗa bayanan wuri ɗaya shi ne BVN ɗinka, wanda aka fara tun 2014, shi ya sa canza layi ko canza banki ba ya ɓoye komai. Daga tarihin nan ake fitar da maki, na CRC daga 300 ne zuwa 850, iya yawansa iya yardar da za a yi da kai. Mu kuma an wajabta mana duba aƙalla biyu daga cikin kamfanonin kafin mu ba da rance, to in na buɗe na ga ja ko ina son mutum ba yadda zan yi.

Abin da ya fi nauyi a makin shi ne biya a kan lokaci. Bayansa yawan bashin da ke kanka yanzu, da daɗewar tarihinka, da kuma yawan wuraren da ka nemi rance a ɗan tsakani. Mutum ya sauke manhaja shida a mako ɗaya yana gwada wacce za ta ba shi, a wurinsa gwaji ne, a wurinmu alama ce ta wanda ruwa ya kai wa wuya.

Game da ƙanenki abu biyu ne. Ko dai jinkirin ne aka rubuta, ko kuma ya biya amma kamfanin bai sabunta ba har yanzu ana ganin ana binsa, wannan yana faruwa sosai. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya shiga shafin kamfanonin ya nema. In ya ga kuskure ya nemo shaidar biyan, ko alat ko bayanan asusu na watan, ya rubuta wa wanda ya ba shi bashin su ba shi takardar shaidar ba a binsa komai, ya kuma shigar da ƙorafi wurin kamfanin adana tarihin. In gaskiya ne ya makara ba a gogewa don an roƙa, amma in aka nuna an biya, nauyin abin yana raguwa da lokaci. Kar ya ba kowa kuɗi wai zai wanke masa suna, damfara ce.

Maman 'Yan Biyu:
Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Lokacin ma har barazana masu manhajar suka riƙa yi masa wai za su toshe BVN ɗinsa, suka tura wa mutanen wayarsa saƙo har da surukinsa wai shi ɓarawo ne, wlh sai da ya kwanta rashin lafiya saboda kunya

Ma'aikacin Banki:
Mai ba da bashi ba shi da ikon toshe BVN, abin da zai iya shi ne kai rahoto. Tura saƙon cin mutunci ga mutanen waya kuma laifi ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai samame kan irin kamfanonin nan a 2022 ta kuma wajabta musu rajista, tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin rance shiga lambobin waya da hotunan mutane. Waɗanda har yanzu ke yi yawanci ba ta Play Store ake sauke su ba, link ake turo wa mutum. Kuma ku lura da tsadarsu, a ba ka 20,000 ka mayar da 26,000 cikin mako biyu, kashi 30 kenan a kwana 14, na malam da muke kuka da shi bai kama ƙafar wannan ba.

Hajiya Mai Atamfa:
To ashe abin da muke yi a kasuwa ne suka sa a kwamfuta. Mu ma in baƙo ya zo neman kaya bashi sai an tambaya wa ya san shi, wa ya taɓa ba shi, ya cika alkawari ko sai da aka bi shi. In ka cinye wa mutum ɗaya a layi kafin la'asar kowa ya ji. Amma ina da tambaya, ni da ban taɓa karɓar ko sisi a banki ba kenan makina ya fi na kowa?

Ma'aikacin Banki:
A'a Hajiya, ke ba ki da tarihi ne, kamar baƙon da kika ce ba wanda ya san shi. Ba a ce ke mai cin bashi ba ce, ba a kuma ce ke mai biya ba ce. Adashi da bashin kasuwa duk ba sa shiga can, ko kin shekara talatin kina cika alkawari. Irinku sai mu koma kan yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunku, shi ya sa yana da kyau cinikin ya riƙa bi ta asusu ko POS ba duka a hannu ba.

Ustaz:
Sai dai kar wani ya ji wannan ya je ya ci bashin ruwa wai don ya gina maki. Murabaha ma ana kai rahotonta can, ko ba haka ba?

Ma'aikacin Banki:
Haka ne Ustaz, duk bankin da ke ƙarƙashin Babban Banki yana kaiwa, da mai ruwa da marar ruwa.

Direban Tirela:
Ni abin da ban gane ba shi ne yadda ake shiga asusun mutum a wani banki daban a kwashe kuɗi. Mutane da yawa a garinmu da suka karɓi kuɗin korona a 2020 sun wayi gari an share musu asusu, wasu ma kuɗin mutane ne aka turo musu na kaya. Ai an ce tallafi ne na gwamnati

Tsohon Akanta:
Ba tallafi ba ne, rance ne tun ranar farko, masu cika wa mutane fom suna karɓar kasonsu su ne suka yaɗa cewa kyauta ce. Na yi ta faɗa a lokacin a masallacin unguwarmu, ana ganin kamar ina hana mutane arziki.

Ma'aikacin Banki:
Tsarin sunansa GSI, ya fara aiki 1 ga Agustan 2020. A cikin takardun da mutum ke sa wa hannu akwai izinin cewa in ya kasa biya, a bi BVN ɗinsa a ɗauka daga duk asusun da yake da shi a wasu bankunan, har asusun haɗin gwiwa. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake ɗauka ta nan, ban da tara. Kwamfuta ba ta san kuɗin kayan wani ba ne, abin da ta gani a asusunka naka ne. Malam kai ma ka duba za ka ga shafin a fom ɗinka. Wanda yake ganin an cire masa fiye da ƙima ya fara rubuta wa bankin, in mako biyu suka wuce ba a warware ba ya kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Ɗan Kasuwar Waya:
To duk kun hana shi, ku faɗa masa inda zai samo 280,000 kafin mai gida ya watso masa kaya waje. Nasiha ba ta biyan haya

Tsohon Akanta:
Wannan tambaya ce mai kyau kuma ba wanda ya ce ya zauna. Malam kuna da kofaretib a wurin aiki? Yawancinsu suna ba mutum ninki biyu na abin da ya tara, wasu ba ruwa sai ɗan kuɗin fom. Sannan ka je wa mai gidan da kanka tun kafin wa'adi, ba ta waya ba, ka ɗauki dattijo ɗaya, ka ce ga rabi yanzu ga rabi bayan wata huɗu, masu gida da yawa sun fi son ɗan haya mai biya a hankali a kan su nemi sabo su yi fenti. In duk ta ƙi sai rancen, to ka karɓi iya gibin hayar kawai ba 500,000 ba. A ce 150,000 ce, ko a filat ɗin nasu 18,500 ne a wata, ruwan 72,000 a shekara. Da ciwo amma ba zai hana gidanka cin abinci ba.

Malamin Firamare:
Muna da kofaretib Baba, ina da wajen 90,000 a ciki, ban san ana ba da ninki ba sai dai in tambayi sakatare gobe in Allah ya kai mu. Wani abu kuma, fom ɗin bankin yana neman garanto biyu ma'aikata, abokin aikina ya ce in tsaya masa shi ma ya tsaya min.

Ma'aikacin Banki:
Ka yi hattara da wannan musayar. Garanto ba shaida ba ne, wanda ya yarda ne zai biya in wancan ya gaza. In abokinka ya samu matsala ko aka dakatar da albashinsa a tantancewa, kanka za a dawo, ga naka ga nasa, 61 sau biyu ya kusa cinye albashin gaba ɗaya. Kuma zai iya fitowa a rahotonka.

Ustaz:
Kuma ko tsakanin 'yan'uwa ne a rubuta, adadi da wa'adi da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Yawancin zumuncin da bashi ya raba a garuruwanmu ba a rubuta komai ba ne, wannan ya ce rance na ba ka wancan ya ce taimako ka yi min.

Wata 'Yar'uwa:
Slm, ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa watannin baya, ashe akwai sauran rancen albashi a kansa, yanzu suna ta kirana wai in biya, ni ban sa hannu a komai ba kuma ba a ma raba gado ba, yara huɗu ya bari. Dole ne in biya daga aljihuna?

Ustaz:
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa ya raya abin da ya bari. A shari'a bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake fitar da shi kafin a raba gado, haka ya zo a ayoyin gado na Suratun Nisa'i. Ba a kan dukiyarki yake ba sai in ke kika ga dama. Ki sanar da magada da wanda zai raba tun yanzu.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya jiƙan rai ya ba ki haƙuri ƙanwata. Kar ki je wurinsu ke kaɗai, ki tafi da wan mijin ko wani namiji babba a dangi

Ma'aikacin Banki:
Allah ya jiƙansa. Hajiya in ba ki tsaya masa garanto ba kuma ba asusun haɗin gwiwa ba ne, ba ke ake bi ba, kar ki tura ko naira ɗaya ta waya kuma kar ki sa hannu a wata sabuwar takarda. Abu na farko a nemo takardar tayin rancen a cikin kayansa ko a ce bankin su ba da kwafi, a duba ko an cire kuɗin inshora lokacin da aka ba shi. Yawancin rancen albashi ana cirewa, kuma amfaninta kenan, in mai bashi ya rasu kamfanin inshora ya biya abin da ya saura. Ku rubuta wa manajan reshen takarda kuna sanar da rasuwar, ku haɗa da takardar shaidar rasuwa ta asibiti ko ta hukumar ƙidaya, ku nemi cikakken bayanin asusun rancen daga ranar farko, kuma ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. Ki duba ki gaya mana ko akwai layin inshorar a takardar, daga nan sai in faɗa miki abin da za ku rubuta.